Farantin Auta

Litinin, 3 ga Maris
Likita ta ce ba yawan ci ne kaɗai ba, homon ɗina ne suka rikice, musamman insulin mai daidaita sukarin jini. Na ce shi ya sa ko ruwa na sha sai ya zama tsoka. Ba ta yi dariya ba. In ban rage ƙiba ba ciwon sukari na tafe, gwiwoyin nan kuma sun kusa gajiya da ni. Ni da guga ce sana'ata, a tsaye nake wuni.
Ta ba ni tsarin abinci: ban da sukari, ban da burodi, shinkafa ɗan taɓawa. Ƙwai, kifi, ganye. Rana na faɗuwa a rufe baki. To.

Alhamis, 6 ga Maris
Ciwon kai. Na ƙona kwalar rigar mutane.

Lahadi, 16 ga Maris
Na daina zama cin abinci da su, ƙamshin na wahalar da ni. In na zuba musu sai in shige ɗaki da kabejina. Baban yara ya leƙo ya ce, "Ashe zomo na aura." Ko ƙarfin harararsa ba ni da shi.

Talata, 25 ga Maris
Sikeli ya ɗan motsa. Mai wankin shagonmu ta ce fuskata ta faɗa. Da na dawo na tsaya gaban madubi, na damƙi tumbina ina zaginsa. Auta na bakin gado tana aikin makaranta, ita da bana ta shiga sha huɗu. Ta ce, "Mama, ni ma haka zan zama?" Na ce, "In ba ki rage ci ba." Na kwanta abina.

Juma'a, 4 ga Afrilu
An kira ni daga makaranta, Auta ta yanke jiki ta faɗi a aji. Malamarsu ta ce ta daɗe tana rabar da abincin tararta. A gida kuma ashe yayanta take tura wa farantinta, shi kuwa ya samu banza, ya yi shiru. Ni ina ɗaki, ina zan gani?
A mota na riƙe hannunta, duk ƙashi. Ta ce, "Homon ɗina nake gyarawa." Da irin muryata ta faɗa.

Asabar, 5 ga Afrilu
Na kai ta wurin likita. Ta duba ta, ta yi mata magana a hankali, sannan ta juyo kaina. "Tsarin naki ne, kina bukatarsa, kada ki bari. Amma ban ce ki ƙaurace wa iyalinki ba. Ki ci a gabanta."

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na koma zama da su. Idon Auta na kan cokalina. In na kai baki ta kai, in na ajiye ta ajiye. Sai in yi ta jan kifina a hankali har ya huce, don ta samu ta ci da yawa. Wannan ya fi guga gajiyarwa.

Laraba, 23 ga Afrilu
Aiki ya yi yawa, labulen wani otel, bayana kamar zai tsinke.
Yau Auta ta miƙo faranti ta ce a ƙara. Baban yara ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Na zuba mata kamar ba komai, na ɗiba wa kaina 'yar shinkafa don kada ta ci ita kaɗai. Ba ya cikin tsari, rana ma ta riga ta faɗi. Na jira in ji haushin kaina, bai zo ba. Wataƙila gajiya ce.