Tekun Ludwik da Bahon Kabeji

Krakow, 9 ga Nuwamba, 1894

Zuwa ga ƙanena Wincenty,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Chicago. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yara albarka. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ƙarfinta, sai dai ido. Zare ya daina shiga mata allura, amma daga taga tana iya gaya maka wanda ya fito daga coci a ƙarshen layi da wanda ya fito daga gidan giya.

Dalilin wasiƙar nan shi ne ɗana Ludwik ya dawo daga Faransa. Ka tuna sharaɗin da ubansa Hipolit ya gindaya masa: shekara biyu ya koyi zane, in ya dawo ba abin a zo a gani, ya ajiye burushi ya zauna shagon gyaran agogo. To, ya dawo a rame, da gemu, da hoto ɗaya tak, wai teku ne da hantsi. Ni uwa ce, amma gaskiya ɗaya ce, da na duba ban ga teku ba. Dabbare-dabbaren fenti ne kawai, shuɗi da fari, kamar kaji sun bi ta kai.

Ka san Hipolit, ba ya yarda da abu sai ya sa masa gilashin nan nasa na duba cikin agogo. Ya maƙala shi a ido, ya kai hanci har yana gogar fenti, ya bi hoton lungu-lungu. Ludwik yana ta roƙonsa ya ja da baya, wai irin wannan zane daga nesa ake kallonsa. Uban ya ce shekararsa talatin yana sana'a, bai taɓa ganin aikin kirki da ke tsoron a matso shi ba. Nan take ya yanke hukunci, ranar Litinin a shago. Yaron ya sunkuyar da kai, ni kuwa na shige kicin don kada a ga hawayena, na bar ƙofa a buɗe.

Mama tana zaune a kicin tana yanka kabejin da za mu jiƙa na hunturu. Ta ɗaga kai, sai wuƙar ta tsaya. Ta tambaye ni wa ya kawo ruwan nan cikin gidanmu, ruwan da ya tafi da Wincenty. Ita kaɗai ta raka ka bakin jirgin ruwa, kuma ban da Ludwik ita kaɗai a cikinmu ta taɓa ganin teku. Ta ce haka yake ranar, har da hasken nan da ke rawa a kansa.

Hipolit ya ce tsufa ne, amma don kunyar suruka ya cire gilashin ya fara ja da baya, idonsa a kan hoton. Ya wuce ƙofa, ya shigo kicin, bai ankara ba ya zauna daɓas cikin bahon kabeji. Mama ta yi dariya har da tari. Shi kuwa bai ko motsa ba. Ya daɗe a ciki baki buɗe, sannan ya tambaya a hankali ko jirgin ruwa ne ɗigon can, wanda ɗazu ya rantse kashin ƙuda ne.

Ba a sake maganar Litinin ba. Bai ce ya yi kuskure ba, hali zanen dutse. Cewa ya yi hoton ba shi da laifi, ɗakin ne ya yi kaɗan. Kabejin dai mun jiƙa abinmu, kada ka gaya wa kowa.

Yanzu Mama ta hana a rufe ƙofar kicin duk da sanyi. Kullum da safe takan ja kujera ta zauna tana kallon ɗigon nan. Na ce mata jirgin tafiya yake, ta ce a'a, ita a ganinta dawowa yake. Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarka, Wincenty, kuma ƙarfin nan nata ba na kullum ba ne.

Ka gaishe da matarka Apolonia, da Bronek da Jadwiga. Hipolit da Ludwik suna gaisuwa. Na tambayi Mama saƙon da zan rubuta maka, ta ce in gaya maka ba wasiƙa take jira ba.

Yayarka mai kewarka,
Teofila