Alhaji, A Cire Sunan Mahaifina Daga Wasan Nan

Zuwa ga Alhaji, mai gidan gem, wato gidan wasan talabijin, na bakin tasha, Sheme.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkokin kasuwa, ina neman afuwa da na fito da maganar nan fili. Na yi sintiri ƙofar gidanka har masu gadi suka gane ƙarar babur ɗina, kullum amsar ɗaya ce: Alhaji ya tafi Kaduna neman kwangila. Allah ya sa a dace. Amma abin da ke tafe da ni ba zai jira kwangila ba.

Sunana Audu, tela ne ni, shagona na kallon naka ta tsallaken titi. Ɗan Baba Nomau ne ni, na Gidan Nomau, ƙauyen nan da ake ratsewa in an ɗauki hanyar Daudawa. Na musulunta tun ina saurayi, sahu ɗaya muke tsayawa da kai ran Juma'a. Mahaifina kuwa yana nan kan al'adar iyayensa, yana nomansa, yana yanka kazarsa a gindin tsamiyar bayan gida kafin shuka. Kowa ya san haka, kuma bai taɓa hana kowa cin dawarsa ba.

Na farko. Ni ba maƙiyin gidanka ba ne. A shekarun nan da kuɗin mai ya sauko, kowane lungu da janareto, kowane saurayi da babur da waya, kai ne ka tuna da mu ka kawo na'urar wasa da babbar talabijin. Yara suka rungumi wasan ƙwallo. Mu manya muka kamu da wancan dogon wasan, na jarumin da ke yawo da takobi ƙasa-ƙasa, yana yaƙi da dodanni, yana magana da sarakuna da matsafa, kuma duk abin da ya zaɓa ya zauna ke nan, ba a komawa baya. Na'ura ɗaya ce, wurin ajiye wasan ma ɗaya, sai muka mai da shi gayya kamar ta gona. Jarumi ɗaya na kowa da kowa. Abin sarrafawa yana zagayawa hannu-hannu, in kuma an zo wurin yanke shawara sai a tsayar da wasa a ɗaga hannu, masu rinjaye su tafi da shi.

Ra'ayi kuwa kowa da nasa. Sani ɗan kabu-kabu ya ce surutu ya yi yawa, sara ya yi kaɗan. Hassan mai shayi ba ruwansa da ceton duniya, in abin ya zo hannunsa sai ya shiga kasuwa ya yi ta cinikin fatu da ganyaye har a yi masa ihu. Malam Iro na firamare ya ce bai taɓa ganin wasa mai hankali irinsa ba, don yakan bar ka da abin da ka shuka. Ni dai ina son shi ne kawai, so na gaske. Sau nawa na bar ɗinkin mutane a kan keke na tsallako titi.

Na biyu. Maganar wasan duk da Turanci take, yawancinmu kuma ba ma ji. Ka ɗauko mana Garba daga wani gidan kallo a Funtuwa ya riƙa fassara. Garba gwani ne, ba zan rage shi ba. Dabararsa ita ce ya raɗa wa komai sunan gida. Birnin sarki ya zama Katsina. Kasuwar bakin teku ta zama kasuwar Sheme, ko da yake mu ko tafkin kirki ba mu da shi. Wani marowacin mai shago ya ci sunan Hassan, aka yi ta dariya, har da ni a gaba.

Sai jarumi ya shiga daji ya iske wani ƙauye. Mutanensa na bauta wa wata babbar bishiya, shugabansu tsoho ne mai sanda, mutanen birni kuma na zarginsa da ɗaure ruwan sama. Garba ya waiga ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce ga Gidan Nomau, ga kuma Baba Nomau da kansa. Ya kwaikwayi muryar mahaifina har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Ɗaki ya ɗauki shewa. Raina ya ɓaci, na kuma faɗa a wurin. Aka ce mini wasa ne, in daina ɗaukar zafi.

Na uku, kuma ina roƙon ka karanta wannan a tsanake. Wasan ya kawo mu mararraba: ko a yi sulhu da ƙauyen, ko a cinna masa wuta. Kafin a ɗaga hannu janareto ya lalace, aka ɗauke shi zuwa gyara. Tun daga nan gardamar ta bar gidanka ta koma teburin mai shayi, ta koma tasha, ta shiga bakin waɗanda ko ƙofar gidan gem ba su taɓa takawa ba.

Sani ya ce a ƙona, don an ce wanda ya ƙona zai sami takobin tsohon. Wannan ra'ayin ɗan wasa ne, na fahimce shi. Malam Iro ya ce kada a ƙona, ya kuma faɗi abin da ya tsaya mini a rai: shi yana karanta rubutun da ke fitowa a talabijin, kuma akwai wuraren da wasan da kansa yake nuna tsohon ba shi da laifi, wani bafaden sarki ne ke son filin. Garba tsallake su yake yi, don ɗaki ya fi ɗaukar zafi in tsohon mugu ne. Da Malam ya faɗi haka sai aka ce malaman boko dama ba su iya kallo ba.

Akwai kashi na uku, su ne suka fi yawa yanzu. Su ba sa maganar takobi. Ka san yadda damina ta yi mana bana, ruwa ya ɗauke a tsakiya har masara ta naɗe ganye. Ina zaune a shago na ji wani yana cewa, "Ai tsohon nan shi ya riƙe shi." Wani ya amsa, "Ko da can an san su da wanga aiki." Na ajiye almakashi na jira in ji wane tsoho ake nufi, na talabijin ko nawa. Babu wanda ya bambanta, babu kuma wanda ya nemi a bambanta.

Na huɗu. Ranar kasuwa mahaifina ya kawo akuya zai sayar. Samari suka bi shi da karan dawa suna wulwulawa kamar takubba, suna kiran shi da kirarin da Garba ya ƙirƙiro wa tsohon cikin wasan, wai mai riƙe ruwan sama. Wani ya zungure masa hula ta faɗi. Alhaji, mahaifina bai taɓa ganin na'urar nan ba, bai san akwai wani shi a cikin akwati ba. A saninsa, in samari sa'annin jikokinsa suka tare tsoho suna tsokana, wasan jika da kaka ne, kuma kakan da ya kasa ramawa shi ya ji kunya. Sai ya ɗauki hularsa ya karkaɗe, ya yi dariya, ya ce musu, "Ku dai ku matsa mani, ja'irai, in riƙe na baɗi ma, in ga abin da za ku ci." Ya wuce yana jin ya ci wasa.

Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa. Ba a ce Baba ya yi barkwanci ba. Cewa aka yi ya faɗa da bakinsa. Wani direba ya ce ya ji ta a Faskari, wata mai kawo mini ɗinki ta ce har Kankara an yi zancen, kuma a can an ƙara cewa ya yi rantsuwa.

Bayan haka babura suka fara zuwa ƙauyenmu. Hanyar ba ta zuwa ko'ina, a gidanmu ta ƙare, kuma ba fasinja suke ɗauke da shi ba. Sukan tsaya a gindin tsamiya su kashe inji su yi ta kallo. Matar yayana ta ce ɗaya ya tambaye ta wanne ne ɗakin tsohon. An sassare ɓawon tsamiyar da adda. Na je na gani da idona, na kuma dubi gidan da idon wanda ya zo da mugun nufi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni a cikinsa. An gama girbi. Rumbuna cike suke, jinkarsu ciyawa ce, ɗakunan ma haka. Karan dawa ya bushe, an jingine shi kewaye da danga. Mazan gidan yawanci sun tafi cirani, saura mata da tsofaffi da ƙanana. Tsoro ya kama ni, Alhaji, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Na koma wurin 'yan gayya in yi magana. Sani, wanda muke cin kwano ɗaya da shi, ya kasa haɗa ido da ni. Aka ce in an zo ɗaga hannu ba ni da ƙuri'a, wai ni ɗan gida ne. A cikin wasan da muka faro tare ke nan.

Na biyar, buƙatuna. An dawo da janareto, kuma an sanar cewa ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a ɗaga hannu. Na san inda rinjaye yake. Ina hango ɗakin cike, har da na waje suna leƙe ta taga, wuta na cin bukkoki a talabijin, Garba na ihu da muryar mahaifina, sannan a buɗe ƙofa kowa ya hau babur da ranar Allah, jini na tafasa.

Ban ce ka rufe gidanka ba, ni ma ina son ganin ƙarshen wasan nan. Abin da nake roƙo shi ne ka hana a kunna shi ran Juma'ar nan sai kana tsaye a wurin. Ka sa Garba ya mayar wa ƙauyen da tsohon sunayensu na cikin wasan, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa shi ya raɗa musu namu don a yi dariya. Ka bar Malam Iro ya karanta wuraren da aka tsallake. In son samu ne, ka ɗauki mai unguwa a motarka ku je ƙauyenmu ku gaisa da mahaifina a idon jama'a. Kai mai faɗa a ji ne, samarin nan da yawa kai ka tsaya musu suka sami baburan da suke hawa.

Na roƙi Baba ya dawo wurina cikin gari har abin ya lafa. Ya ce ba ya barin rumbu ya tafi kwanan shago. Na yi ta kewaye-kewaye in gaya masa gaskiya, bakina ya ƙi. Da zan tafi ya nuna mini wata ƙwarya cike da gyaɗa da ya sa aka soya, an rufe da faifai an ajiye a zaure. Ya ce na jikokinsa ne masu babura. Ya gargaɗi matan gidan kada wadda ta kore su in sun dawo, a buɗe musu ƙofa su shigo ciki, don ba a barin jika tsaye a rana.

Allah ya ƙara maka arziki mai albarka, ya tsare maka iyayenka da zuri'arka, ya sa wannan takarda ta riske ka kafin Juma'a.

Wassalam.

Audu Tela,
Bakin tasha, Sheme.