Ni Na Danna, Maigadi Aka Dakatar

Hajiya Aina'u, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Laraba. Kwana biyar ke nan ko abinci ba ya yi mini daɗi, kuma ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina.

A wani kamfanin tabarmar roba nake aiki a Sharada, shekara bakwai ke nan, kullum daga Dorayi nake zuwa. Na fara difloma ban ƙarasa ba, to shi ne duk wanda aka turo wa saƙon Turanci a sashenmu, wurina yake kawowa. Har Malama suke ce mini, kuma ba zan ɓoye miki ba, kaina yana kumbura in an faɗa.

Dokar kamfaninmu ita ce ba a shiga da waya. A bakin ƙofa kowa zai miƙa tasa ga maigadi, Malam Uwaisu, wani dattijo mutumin Damagaram, ya sa a akwati ya kulle, sai an tashi ƙarfe huɗu ka karɓa. In jiniya ta kaɗa ƙarfe bakwai ba ka shiga ba, ranar ta wuce ka.

Ina da ƙawa, Kande, 'yar kudancin Kaduna. Injinmu ɗaya, ita take kula da ɓangarena in na tafi sallar azahar. Tana sayar da garin citta da zuma a wata kasuwar intanet, shekara huɗu tana gina sunanta, har daga Legas ake yi mata oda. Ran Litinin ɗin makon jiya na sauka daga adaidaita sahu, saura minti shida a kaɗa jiniya, sai ga ta a rikice ta miƙo mini waya. Imel ne, da tambarin kasuwar da komai, wai an kai ƙarar shagonta, in ba ta tabbatar da bayananta cikin awa biyu ba za a rufe shi har abada. Awa biyu fa, Hajiya, mu da za mu rabu da wayar na awa tara! Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ƙaramin abu ne. Na danna shuɗin rubutun, shafi ya buɗe, ta faɗa mini kalmar sirrinta na rubuta. Aka turo wasu lambobi ta tes, su ma na kwafa na zuba. Shafin ya yi godiya. Muka miƙa wayoyi muka ruga ciki, har tana sa mini albarka.

Da yamma shago ya ƙi buɗuwa. Kafin kwana biyu an cire citta an jera janareto da wayoyi a farashin banza, duk da sunan Kande da hotonta. Ran Alhamis wani mutum ya zo har ƙofar kamfani yana nemanta da zagi, wai ya biya ba a kawo masa kaya ba.

Kande ba ta kawo imel ɗin nan a ranta ba ko kaɗan, tunda a ganinta Malama ta gyara wancan. Lissafin da ta yi shi ne, wa ya riƙe wayar wuni guda? Ta kai ƙarar Malam Uwaisu wurin manaja. Wasu ma suka taso, wannan ya ce katinsa ya taɓa zurarewa, wancan ya ce dama bai yarda da akwatin ba. Aka dakatar da shi, Laraba kwamitin kamfani zai zauna a kan maganarsa. Mutumin da ko tasa wayar 'yar rakani-kashi ce, ko intanet ba ta hawa!

Abin da ya karya mini zuciya, ran Juma'a ya tare ni a bakin titi da takardar dakatarwar a hannu, ya ce 'yata karanta mini, ke ce mai Turanci. Na karanta masa tas, na fassara. Ya yi mini godiya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yanke shawara ba zan bari a kori bawan Allahn nan ba, ko me za ta jawo mini. Amma ina son in tabbatar: anya imel ɗin ne? In shi ne, ta ina zan fara, da Kande ko da manaja? Kuma shagon zai dawo? Ina tsoron rasa Kande, ina tsoron dariyar da za a yi wa Malama, amma na fi tsoron ranar da zan tsaya gaban Allah da hakkin dattijon nan.

Taki,
Malamar da ta yi kuskure, Sharada

*

'Yar'uwa, sannu. Imel ɗin ne, kada ki ƙara wahalar da kanki da kokwanto. Duk alamun sun cika: barazanar rufe shago, wa'adin da ba ya barin mutum ya yi tunani, da shafin da ya nemi kalmar sirri. Lambobin da kika kwafa daga tes su ne makullin ƙarshe. Kasuwar gaskiya ce ta turo su don ta tabbatar mai shagon ce ke shiga, ke kuma kika miƙa wa ɓarawo. Tambari ba shaida ba ne, kowa yana iya kwafarsa.

Ba ke kika yi satar ba, ki riƙe wannan. 'Yan damfara sun yi wa waɗanda suka fi ki boko haka. Laifinki biyu ne: kin nuna tabbaci a kan abin da ba ki bincika ba, sannan kin yi shiru kwana biyar wani yana ɗauke da kayanki. Na farko kuskure ne, na biyu kuwa kullum ƙara nauyi yake yi. Ita ma Kande a yi mata adalci. An wulaƙanta ta a wurin aikinta, ta kama abin da idonta ya gani. Amma ta yi gaggawar zargi, kuma akwai neman afuwa a kanta.

Da Kande za ki fara, yau ɗin nan, ba a bakin ƙofa ba. Ki same ta a gida. Kada ta fara jin maganar a gaban kwamiti, wannan cin fuska ne. Ki faɗa mata kai tsaye, ba kwana-kwana. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi, tana da hakki.

Sannan ku zauna da wayar. Kada ku goge imel ɗin, shi ne shaidarku. Ku danna sunan wanda ya aiko, cikakken adireshin zai fito, ku gwada shi da na tsofaffin saƙonnin kasuwar, za ku ga bambanci. Ku duba ko kasuwar ta aiko sanarwar cewa an shiga shagon daga wata na'ura, da lokacin da aka yi. Ku ɗauki hoton komai, har da tes ɗin lambobin, domin lokacin da ke jikinsa zai nuna abin ya faru tun wayar tana hannunki. Ku sauya kalmar sirrin imel ɗinta nan take, da duk inda take amfani da irinta, musamman banki. Ku kai ƙara ga kasuwar ta cikin manhajarta, ba ta wata lamba da ke cikin saƙon ba, ku nemi a dakatar da shagon. Ta sanar da kwastomominta cewa kada kowa ya biya. Ta kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda ta karɓi takarda, ita ce za ta kare ta in wani ya sake zuwa da zagi. Shagon yakan dawo in an nuna shaida, amma ba zan yi miki alkawari ba.

Gobe da safe ku je wurin manaja tare. In Kande ta ƙi, ki tafi ke kaɗai, kada ki jira Laraba. Ki kuma nemi Malam Uwaisu ki roƙi gafararsa da bakinki.

Ga abokan aikinku kuma, ku kafa wa kanku doka: ba a amsa saƙon gaggawa a bakin ƙofa. Duk saƙon da ya ce ba zai jira a tashi aiki ba, ku zarge shi. In an tashi, a buɗe manhajar kasuwar a duba, in da matsala ta gaske za a gan ta a can. Lambar da aka turo ta tes kuwa ba a zuba ta a shafin da saƙo ya kai mutum, ba a kuma faɗa wa kowa.

Dariya za a yi miki, kwana biyu ne. Malamar da ta iya cewa ban sani ba, mu bincika, ta fi wadda kika kasance amfani. Ke kika karanta wa dattijon nan takardar dakatarwa, to kada ki huta sai kin karanta masa ta komawa bakin aiki. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar wa Kande da shagonta, ya wanke Malam Uwaisu a idon kowa.

Hajiya Aina'u