Baba Ba Ya Karya Danja

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Umma da Baba. Yaya gwiwar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ba dogon zance ba ne. Kashi na shida na wasan bidiyon nan nawa ya fito, duk abokan aikina sun saya, ni kaɗai nake zaune kamar maraya. Don Allah ki naɗe min na'urar da rimot ɗin biyu ki ba direban kamfaninmu da zai kawo miki takardar nan. Ki kula, shekarun da na yi ina tara bindigogi da motocin tsere duk suna cikinta, kuma da su zan shiga sabon kashin. Kada Baba ya gani, kin san tun ina makaranta yake kiransa wasan marasa aikin yi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, Umma tana gaishe ka. Direba ya zo, ya koma hannu rabbana.

Ka zauna kafin ka karanta. Ka san tun da gwiwa ta sauke Baba daga tuƙin bas ya zama wani iri. Sai ya wuni a kujerar falo yana kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske. Ranar da na jona na'urarka don in ga ko tana aiki, na shiga shagon tufafin cikin wasan ina sauya wa jarumin naka riga. Ni abin da ya riƙe ni ke nan, ka san tela. Da na fito na hau mota, sai na ji muryar Baba a bayana: "Ke, haka ake shan kwana ba sigina?"

Ya karɓi rimot. Auta, har yau bai mayar ba.

Ba ya harbin kowa. Tuƙi kawai yake yi, a hannunsa, yana tsayawa a danja, yana ba masu tafiya a ƙasa hanya. Mutane na ta luguden wuta a bayansa, shi yana neman wurin fakin. Umma kuwa tana gefe tana bin labarin, ta tsani abokin jarumin, wai idonsa na maciya amana ne. Jiya Baba ya yi dariya har da tari, ya kuma nemi ƙarin abinci. Na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi.

Saura ɗaya. Ya sayar da bindigoginka da motocin tseren, ya sayi bas. Ya ce mutumin kirki ba ya ajiye irin waɗannan kaya a gida.

Na'ura dai ba zan aiko ba. Ka yi haƙuri.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma da ƙyar. Bas? Har da jar motar da na sha wuya kafin na ci ta? Na karanta wa abokan aikina, ɗaya ya faɗo daga kan benci. Da farko raina ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye miki ba. Sai na sake karanta wurin ƙarin abincin, na rasa inda fushin ya shiga.

Amma ki faɗa masa gaskiya: wasan nan ba a cinsa da ladabi. Akwai wata gada a gaba, 'yan fashi za su biyo shi, dole ya karya danja ya gudu. In bai tsallake ta ba, rabin garin a rufe yake, zai gaji da zagaye unguwa ɗaya ya koma kallon bangonsa. Wannan ne yake damuna yanzu, ba jar mota ba. Dabara ɗaya ce, a jona rimot na biyu, wani ya yi harbi, shi ya yi tuƙi. Ki gwada.

Ki ce wa Umma ta canka daidai game da abokin nan, amma kada ta faɗa wa kowa.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ni ne mahaifinka, yayarka ce take rubuta min.

Na isa gadar. Sun kashe ni a bakin danja ya fi a ƙirga. Ban taɓa karya danja da fasinja a mota ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Yayarka ta gwada harbin, tayar bas ɗina ta fasa. Ummanka ta ce ita ba ruwanta da bindiga.

An ce kai gwani ne. A da na ce wasan marasa aikin yi ne, to yanzu ni ma ba ni da aikin yi. Ina neman yaron mota. Ka nemi hutu ka zo, ka taho da kashi na shidan, an ce akwai tirela a ciki.

Kujerar gaba taka ce. Ka ɗaura bel.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka