Sunan Ɗanmaliki da Takardun Bincikenki

Kankiya, Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Adawiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara maki basira, ya dawo mana da ke daga ƙasar Holan da digirinki a hannu. Mu nan sai godiya. An yanke gero, dawa ma ta kusa. 'Yar'uwata Rabi, mahaifiyarki, ta samu sauƙin zazzaɓin da ya kwantar da ita, 'yar'uwarki Hassana kuma ta sauka lafiya, namiji, an raɗa mashi Abdullatif. Ni dai gwiwa ce ta sa ni gaba, sallah ma wani lokaci a zaune nake yi.

Maganar takardun tambayoyin da kika aiko don bincikenki a kan masu hawan keke da yadda ake tsara hanyoyin gari: cikin ɗari na cike sittin da uku. Ba zan ɓoye maki ba, na gaji. Kin ce aikin mako biyu ne ga tsohon malamin makaranta irina, yau ga shi wata uku. Na je Rimaye sau biyu, Kusada sau uku. Duk inda na zaro biro sai a yanyame ni, ana tsammanin gwamnati ce za ta raba kekuna, in na ce binciken jami'a ne sai kowa ya kama gabanshi. Tambayar nan taki ta ko mutum ya zaɓi keke ne don motsa jiki ko don tsaftar iska, da na karanta wa Haladu mai faci na bakin tasha, dariya ya yi har ya ajiye famfo. Ya ce in gaya maki babu wanda ya zaɓa, tsadar mai ce ta sauke mutane daga babur, kekunan da suka shekara goma rataye a zaure su ake jawo mashi yanzu. Ban ga gurbin wannan amsa ba, sai na rubuta ta a gefe.

Amma ba gajiyar ƙafa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani dattijo, Ɗanmaliki, mutumin Boko ta ƙasar Kusada, da ke ɗauro hatsi a bayan keke ya kawo Kankiya duk ranar kasuwa. Shi kaɗai ya zauna da ni awa guda ya amsa komai bai ƙosa ba. Na nuna mashi hoton da kika turo na jar hanyar da aka ware wa masu keke a can, ya daɗe riƙe da wayar. Ya ce shi ba ya neman ja ko kore, a bar masu ko kamu biyu ne a gefen kwalta wanda ruwa bai cinye ba, don in babbar mota ta taho mutum bai da wurin kaucewa sai rami. Har ya ambaci wani kwalbati kafin a shigo gari, ya ce duk sanda ya zo nan sai ya yi salati.

Mako uku bayan haka, a wannan kwalbatin wata babbar mota ta matse shi, ya faɗa da buhu biyu, ƙugunshi ya karye. Direban ko waiwaye bai yi ba. Likita ya ce zai taka da sanda in Allah ya so, amma hawan keke ya ƙare. Matarshi Ma'u ta zo har gidana, ta ɗauka takardar da ya dangwala wa yatsa rajista ce ta samun taimako. Na daɗe ina kame-kame kafin na iya fahimtar da ita. Da faɗa ta yi mani da ya fi mani sauƙi. Godiya ta yi, ta ɗauki takalmanta ta fita.

Ranar Talata na je Boko duba shi. Abin da ya fara tambaya shi ne ko saƙonshi ya isa. Na ce maganarshi za ta shiga littafinki, sai dai dokar jami'a ta hana sa suna, za a kira shi lamba arba'in da ɗaya. Sai ya yunƙura kamar zai tashi. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a ɓoye shi, a rubuta sunanshi da na mahaifinshi da garinsu, a rubuta kwalbatin, ko masu zana hanya za su ji kunya. Bai bar ni na fito ba sai da na yi mashi alkawari.

To Adawiyya, na ɗauki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ki samu malamin da ke duba aikinki ki kai mashi maganar. In takardar amincewa ake so, zai dangwala yatsa ko sau nawa ne. In kuwa an ƙi, ki kira wayata, in kai ta Boko ki gaya mashi da bakinki. Sauran takardu talatin da bakwai suna cikin akwati, zan koma kansu in gwiwa ta lafa. Kada ki ɗauka faɗa nake maki, na san aikin alheri kike yi. Ni dai ba zan iya sake zama gaban mutumin da ke kwance in ce mashi shi lamba ne ba.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. 'Yan'uwanki Hassana da Rauda da yayanki Sharafaddeen duk suna gaisuwa. Ki gaishe mani da maigidanki Zainul Abidin da kyau. Allah ya yi maki albarka.

Wassalam,
Kawunki,
Sada.