Maɓallai Biyu a Ƙarƙashin Muryar Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa aikinka albarka. Nan kowa ƙalau, sai ƙafar Kawu da ta tashi, ita ma da sauƙi.

Manhajar da ka ƙirƙira don adana muryoyin dangi ta iso wayata, na gode. Sai dai maganar da ka yi cewa kun gwada ta da makafi ba ta kwanta mini ba. Shekarata goma sha ɗaya ba na gani, wayar ce ke karanta mini duk abin da yatsana ya taɓa, ko wannan wasiƙar da baki na faɗa mata. A manhajarka kuwa, duk inda na taɓa ba ta cewa komai sai maɓalli, maɓalli, kamar mai talla. Matarka ta ce mini a ofis ɗinku ɗankwali kuka ɗaura a ido kuka gwada, har kuna dariya. To wanda ya yi wata shida yana kallon allo ai ya haddace wurin komai. Na san halinka tun kana ƙarami: ka share tsakar ɗaki, ka tura sharar ƙarƙashin gado, ka ce ka gama.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Addu'ar da Inna ta yi mini kafin rasuwarta tana ciki. A ƙasanta akwai maɓallai biyu, 'yata ta ce ɗaya na saurare ne, ɗaya na gogewa. Ta nuna mini na dama, amma da kuka sabunta manhajar sai na ji komai ya sauya wuri. Ta ce in kawo ta danna mini, na ƙi. Uwata ce, ba na son ɗan rakiya in zan ji muryarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, Auta.

Ka kunna mai karanta allo, ka kashe hasken allon gaba ɗaya, ka nemo Inna da kunnenka. In ka iya danna ɗaya cikin biyun gabanka bai faɗi ba, zan ba ka haƙuri. In ba haka ba, ka sa musu suna. Yau kwana tara ina ɗora yatsa ina janyewa.

Ka gaida amaryarmu da takwarata. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Yayarka