Ba Zan Raɗa Wa Ɗanka Sunan Nan Ba

Kalley, Yamai
Ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Joshuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Abijan, Ubangiji ya kiyaye ka, ya ƙara maka hankali, don ana bukatarsa. Mu nan lafiya lau. Matarka Hannatu ta samu ƙarfi, jaririn yana shan nono sosai, matata Lami kuwa ita ke yi mata wankan jego safe da yamma, tana yi tana yi min gorin irin ƙanen da Allah ya ba ni.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da ba ka nan, ni babban wa zan tashi ranar Lahadi in faɗa wa majami'a sunan yaron, sunan kuwa Bar Kokba, jarumin da ya kori Romawa. Ka kuma kira fasto ka rantse masa cewa sunan yana cikin Littafi Mai Tsarki. Bawan Allah ya yini yana juya shafuka daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, sannan ya zo wurina yana jin kunya, ya ce wataƙila tabaransa ne suka tsufa. Na ce masa tabaransa lafiya suke, ƙanena ne ya yi karatun tauhidinsa a bidiyon salula na minti uku.

Shekara ashirin ina koyar da tarihi a lise, babbar sakandare, saboda haka ka saurara. Mutumin nan ya tashi ne shekara ɗari bayan Almasihu. Na yarda namiji ne: ya riƙe ƙasar Yahudiya wajen shekara uku, rundunar Roma ta sha wuya a hannunsa. Amma bidiyonka ya tsaya kafin ƙarshe. An kashe shi, garuruwa suka zama kufai, waɗanda suka tsira aka sayar da su bayi. Ga kuma abin da ya shafe ka: magabata sun rubuta cewa Kiristocin da suka ƙi bin sa, azaba ya yi musu. Da kai ɗan mawaƙan majami'a kana can, da kai za a fara.

Da na faɗa wa Hannatu sunan, sai ta ci gaba da jijjiga yaron. Can ta ce, "Yaya, ni na yi naƙudar nan, shi yana can yana kallon salula. Ba zan kira ɗana da sunan da uwata ba za ta iya faɗa ba."

To, ka ji. Ranar Lahadi idan fasto ya juyo gare ni, Zakari zan ce, sunan mahaifinmu, wanda ya yi shekara talatin yana jinyar mutane a Dogondutsi bai bar kufai ko ɗaya ba. Litinin da safe in je meri, ofishin magajin gari, in sa a rubuta a takardar haihuwa. Idan ba ka yarda ba, kana da kwana biyar. Ka hau mota ka zo, ka tsaya gaban dattawa, ka faɗi naka da bakinka. Zan ajiye maka kujera a gaba.

Lami da ɗiyarmu Dorkas suna gaishe ka. Ka gai da kawu Iliya da mutanen gidansa. Hannatu ban ji ta ce in gaishe ka ba.

Wanka,
Natanayel